Baƙon Tanja Da Rikodarsa

A cikin sana'o'in alƙalami duka, da wuya a sami wadda jama'a ke yi wa kallon sha'awa kamar ta mutumin da aikinsa shi ne ya riƙa zuwa garuruwan bakin teku inda masu hali ke tafiya shan iska, ya kwana a manyan masaukai, ya zauna inda makaɗa ke wasa, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji, ya aika wa jarida ta biya shi. Wanda ya ji haka sai ya ce ai wannan hutu ne aka ɗora wa lada. Amma fa galibin masu wannan aiki ba ma'aikatan kowa ba ne. Ba su da albashin ƙarshen wata, ba su da fansho, in ciwo ya kwantar da su ba mai biyan kuɗin magani. Abin da mutum ya rubuta shi ne hajarsa, yana tallarta daga ƙofar wannan edita zuwa ta wancan kamar yadda ɗan koli ke yawo da kayansa, in an saya ya ci, in an ƙi ya kwana da abinsa.

A cikin waɗanda suka rayu da wannan sana'a har suka tsufa a cikinta akwai wani Ba'amurke, Paul Bowles, wanda ya yi shekara 52 a birnin Tanja na ƙasar Maroko. An haife shi a birnin Niyu Yok ran 30 ga watan Disamba 1910, ubansa likitan haƙori ne. Sana'ar da ya fara ci da ita kiɗa ce, gama ya koyi tsara kiɗan Turawa a hannun wani gwani mai suna Aaron Copland. A cikin 1931 su biyun suna ƙasar Faransa, sai wata marubuciya Ba'amurkiya da ke zaune a can, Gertrude Stein, ta ba su shawara su tafi Tanja su yi bazara. Suka tafi, suka kama hayar gida a kan tudu. Malamin bai ji daɗin wurin ba, ɗalibin kuwa garin ya shiga ransa, bai sake fita ba.

Ya koma Amurka ya yi shekaru yana tsara kiɗa don wasannin kwaikwayo, daga 1942 zuwa 1946 kuma jaridar New York Herald Tribune ta ɗauke shi yana yi mata sharhin kiɗa. Watau ya je gidan wasa da dare ya saurara, ya dawo ofis ya rubuta hukuncinsa kafin a ɗora jarida kan inji. Wannan shi ne aikin albashi, shi ne kuma ya ajiye. A cikin 1947 wani kamfanin buga littattafai ya ba shi kafin alƙalami don ya rubuta littafin ƙagaggen labari, ya ɗauki kuɗin ya shiga jirgin ruwa ya nufi Tanja. Da ya gama ya aika, sai kamfanin ya ce abin da ya rubuta ba shi ne aka yi ciniki a kai ba, ya mayar da kuɗi. Mutum yana baƙuwar ƙasa, ya riga ya ci kuɗin mutane, an kuma dawo masa da kayansa. Sai a 1949 wani ɗan ƙaramin kamfani a Landan ya yarda ya buga littafin, mai suna The Sheltering Sky, ya kuwa yi kasuwa ƙwarai a Ingila da Amurka. Da ba a sami wannan na biyun ba, da labarin ya tsaya nan, kamar yadda na mutane da yawa ya tsaya ba wanda ya ji sunansu.

Ya kamata mai karatu ya san irin garin da Tanja ta ke a wancan zamani, don a nan ne asirin zaman irin su Bowles ya ke. Garin yana can ƙuryar arewacin Maroko, a bakin mashigin da ya raba Afirka da Turai, inda tekun Atilantika ke haɗuwa da Bahar Rum, in gari ya yi garau har a kan hango tsaunukan ƙasar Sifen. Tun daga yarjejeniyar da Faransa da Sifen da Ingila suka ƙulla a 1923, aka ware Tanja daga sauran ƙasar, ƙasashen waje suka riƙa mulkinta tare, har zuwa 1956 da Maroko ta sami mulkin kai. Haraji kaɗan ne, ba a hana canjin kuɗi kowane iri, abinci da haya da ladan barori kuwa araha. Saboda haka wanda a ke biya da dalar Amurka, ko kuɗin ba su taka kara sun karya ba, sai ya zauna kamar ɗan sarki. Lissafin marubuci mai zaman kansa ke nan tun da can: ya sayar da rubutunsa inda kuɗi ke da daraja, ya ci abincinsa inda rayuwa ke da sauƙi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sauƙin nan da baƙo ke ji talaucin 'yan gari ne.

Kasuwar da ya fi kai kayansa ita ce wata mujallar Amurka mai suna Holiday, wadda aka fara bugawa a 1946. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, Amurkawa sun sami kuɗi, jiragen sama sun fara rage nisan duniya, kowa yana so a gaya masa inda zai tafi. Mujallar ta riƙa hayar manyan marubuta tana biyansu da kyau, Bowles kuwa ya rubuta mata labaran Tanja da Sahara da Istambul da tsibirin Silon, wanda yanzu a ke kira Siri Lanka. A can Silon ɗin ma har ya sayi wani ɗan mitsitsin tsibiri a 1952, mai suna Taprobane, mai gida ɗaya tak a kansa, wanda in ruwa ya janye a kan taka da ƙafa a isa. Matarsa Jane, wadda ita ma marubuciya ce, ba ta so wurin ba ko kaɗan, ɗawainiyarsa kuma ta yi yawa, bayan 'yan shekaru ya sayar. Amma kafin nan sai da ya mai da zaman tsibirin labari ya sayar wa mujallar. A wannan sana'a ba abin da a ke zubarwa, ko asarar da mutum ya yi haja ce.

Akwai kuma wani ƙulli a cikin aikin wanda Bowles bai taɓa kwance shi ba. Abin da editoci ke saye shi ne labarin wurin da jama'a ba su riga sun sani ba, gaɓar da ba kowa sai masunta, unguwar da makaɗa ke yi wa kansu kiɗa. To, da zarar an buga labarin sai masu yawon buɗe ido su ɗunguma, a gina otal, haya ta tashi, makaɗin da ke yi wa 'yan'uwansa wasa ya koma yi wa baƙi a bakin teburin cin abinci. Bowles ya yi shekaru yana kukan cewa Tanja ta lalace, ba ta zama kamar yadda ya same ta ba, alhali kuwa littattafansa suna cikin abubuwan da suka jawo samarin Turai da Amurka zuwa can, wasu ma har ƙofar ɗakinsa.

A cikin 1957 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Jane, ba ta sake samun cikakkiyar lafiya ba har ta rasu a garin Malaga na ƙasar Sifen a 1973. A tsakiyar wannan ɗawainiya ce ya yi aikin da ya fi duk sauran nauyi, ko da ya ke ba shi ne ya kawo masa kuɗi ko suna ba.

Ya daɗe yana tsoron kiɗan gargajiyar Maroko zai ɓace, don rediyo ya shiga ko'ina da waƙoƙin Masar, 'yan bokon da suka karɓi mulki kuma da yawansu suna ganin kiɗan ƙauye abin kunya ne. Ya yi ta neman taimako har Gidauniyar Rockefeller ta ba da kuɗi, aka shirya cewa abin da ya ɗauko za a ajiye shi a babban ɗakin littattafai na Majalisar Dokokin Amurka. A rabin ƙarshe na 1959 ya fita sau huɗu a cikin wata 'yar ƙaramar Volkswagen, irin wadda a ke kira ƙwaro, tare da wani abokinsa mutumin Kanada, Christopher Wanklyn, da wani ɗan ƙasa, Muhammad Larabi Jilali. Sun yi tafiyar kimanin mil 25,000, suka ɗauki wasa wajen 250 a wurare fiye da 20, daga duwatsun Rif na arewa har bakin Sahara.

Rikodar da aka ba shi, Ampex 601, ba ta aiki da batir, sai da wutar lantarki. Wannan ƙaramin abu shi ya juya aikin duka. Kiɗan da ya fi so a ƙauyuka ya ke, wuta kuwa a gari ta ke, saboda haka sau da yawa sai an je wurin hakimi, hakimi ya aika a tattaro makaɗa, a zuba su a babbar mota a kawo su inda za a sami wuta. Mai karatun da ya san yadda a ke kiran makaɗa da sunan hukuma ya san irin wasan da a kan samu. Kiɗan biki da a ke yi da dare a tsakiyar dangi daban ne da wanda a ke yi a farfajiyar ofis, ga ɗan sanda tsaye, ga Bature ya miƙo ƙarfe. Shi kansa Bowles bai tsaya a matsayin mai saurare kawai ba. A ƙasar Rif ya nace sai wani mai busa sarewa ya busa shi kaɗai, ba tare da mai ganga ba, don haka kunnensa ya fi so, ko da ya ke ba haka mutanen wurin su ke yi ba. Ya kuma fifita kiɗan Barbar na duwatsu a kan kiɗan birane na Larabawa, don a ganinsa na duwatsun ne na asali. Ra'ayinsa ne, ya kuwa bi shi da kuɗin da aka ba shi don ƙasa duka.

Hukumomin ƙasar ma ba su saki jiki da shi ba. Shekara uku kacal da samun mulkin kai, ga wani baƙo yana bin ƙauyuka yana tara abin da su ke ganin za a kai waje a nuna su da shi a matsayin mutanen da ba su waye ba. Kafin shekarar ta ƙare aka ɗaure masa hanya da maganar takardun izni, ya lallaɓa ya ci gaba har watan Disamba, sa'an nan ya tsaya. Ana iya ganin laifin jami'an, amma tsoronsu ba na banza ba ne, don sun ga irin hoton da littattafan Turawa suka daɗe suna yi wa ƙasarsu. Duk da haka, da an bi tasu, da yau ba mai jin waɗannan muryoyi.

Bahaushen da ya saurari abin da aka ɗauko ba zai ji kansa baƙo sarai ba. Zai ji algaita, wadda su ke kira gaita, zai ji bandiri, wanda sunansa ɗaya ne can da nan. Zai kuma ji kiɗan Ginawa, watau jikokin baƙaƙen mutanen da aka ƙetara Sahara da su, galibi a cikin bauta, musamman bayan da rundunar Maroko ta ci daular Songhai a 1591, da kuma zamanin Sarki Maulaya Isma'ila wanda ya tara runduna ta baƙaƙen bayi. Babban abin kiɗansu mai tsirkiya uku ne, an rufe ƙoƙonsa da fatar raƙumi, ɗan'uwan garaya da molo, su na kiransa gimbiri. Masu amshi kuma suna kaɗa wasu ƙarafa a hannu waɗanda duk wanda ya san sambani zai gane su. Su kan kwana suna wasa don neman sauƙi ga marar lafiya, da turare da tufafi masu launi iri iri, abin da ya yi kama da bori ƙwarai, sai dai su da yabon Allah da Manzonsa su ke buɗewa, suna kuma danganta kansu ga Sayyidina Bilal. A cikin waƙoƙinsu har yanzu ana ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Hanyar da ta kai jar fatar akuyar Sakkwato arewa har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, ita ce ta kai mutane, su kuwa suka tafi da kiɗansu a ka.

Tef ɗin suka isa Amurka aka sa su a ma'aji. Sai bayan shekara 13, a 1972, aka fitar da faifan garmaho biyu daga ciki. Sai kuma a 2016, shekara 17 bayan rasuwarsa, wani kamfani mai suna Dust-to-Digital ya fitar da faifai huɗu tare da bayanan da ya rubuta a kan hanya. Kirkin da ya yi wanda ba za a hana shi ba shi ne, ya rubuta sunayen manyan makaɗan da garuruwansu, a zamanin da masu irin wannan aiki da dama ba su damu da sunan baƙin mutum ba.

Bayan kiɗa sai ya juya rikoda wajen magana. Ya riƙa zaunar da samarin Tanja waɗanda ba su yi karatu ba amma Allah ya ba su baiwar labari, su faɗa da Larabcin gari, shi kuma ya juya zuwa Ingilishi a buga. Na farko da ya yi suna shi ne Larabi Layashi, mai gadin wani gidan shayi a bakin teku, wanda littafinsa ya fito a 1964, sai Muhammad Murabit wanda suka yi littattafai da yawa tare. A nan ne rigima ta ɓullo. Muhammad Shukri, wanda bai koyi karatu ba sai da ya kai shekara 20, shi da hannunsa ya rubuta labarin ƙuruciyarsa ta yunwa da kwanan titi. Bowles bai iya karanta Larabcin littafi ba, sai suka zauna Shukri yana warware masa da Sifananci da Larabcin gari, littafin ya fito da Ingilishi a 1973, shekara tara kafin a buga shi da Larabci. Daga baya Shukri ya rubuta littafi sukutum a kan Bowles, ya zarge shi da cin haƙƙinsa na cinikin littafin, ya kuma ce mutumin yana son Maroko amma ba ya son mutanenta. Masu kare Bowles su kan ce ba don shi ba da duniya ba ta san waɗannan mutane ba. Wannan gaskiya ne, amma ba amsar zargin ba ce. Wanda ya ce kura ce ke shan bugu gardi na karɓar kuɗi, lissafi ya ke nema a baje masa, kuma a tsakanin mai labari da kamfanin Landan ko Niyu Yok mutum ɗaya ne ya san harshen takardun.

Bowles ya tsufa a wani ɗan gidan bene a Tanja, baƙi suna hawa suna sauka. A 1990 aka mai da littafinsa na farko sinima, ya fito a ciki yana tsoho zaune a gidan shayi. Ya rasu ran 18 ga watan Nuwamba 1999 yana da shekara 88, aka ƙone gawar bisa al'adar wasu mutanensu, aka kai tokar jihar Niyu Yok aka binne kusa da iyayensa. Tsohon ofishin jakadancin Amurka da ke cikin birnin Tanja, wanda ya zama gidan tarihi, ya keɓe masa ɗakuna, a can kuma aka ajiye kwafin kiɗan da ya ɗauka.

Magadansa a sana'a sun fi shi yawa, sun kuma fi shi wahala. Mujallar Holiday ta asali ta tsaya a 1977, intanet kuma ta zo ta karya farashin rubutu, har ya zama abin da jarida za ta biya sau da yawa bai kai kuɗin jirgi ba. Sai masu otal da hukumomin yawon buɗe ido suka shiga tsakani, su ɗauki nauyin tafiya da masauki da abinci. Wanda kuwa ya ci ladan kuturu, an san abin da ya wajaba a kansa. Don haka ne jaridar New York Times ta ƙi karɓar labarin tafiya daga wanda aka kai kyauta, dokar da ta tsare mutuncin jarida amma ta bar fagen ga masu abin hannunsu. Da annobar korona ta rufe iyakoki a 2020 kuwa, otal da makaɗi da marubuci rana ɗaya suka rasa abinci.

Ɗaya daga cikin wuraren da waɗannan magada ke taruwa a Maroko shi ne Sawira, wadda Turawa suka daɗe suna kira Mogador, wani gari mai ganuwa a gaɓar Atilantika, tafiyar kamar sa'a uku a mota daga Marakish. Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ya gina shi wajen 1765 don ya zama tashar da kayan ayarin Tambutu za su riƙa shiga jirgi. Gari ne na iska mai ƙarfi da masunta da masassaƙa, gari ne kuma na Ginawa, a nan aka haifi Ma'allam Mahmud Giniya, wanda ya rasu a 2015. Tun 1998 a ke yin babban bikin kiɗan Ginawa a garin, galibi a watan Yuni, dubun dubatan mutane su cika shi, in ban da 2020 da 2021 da annoba ta hana. A 2019 hukumar UNESCO ta sa kiɗan a cikin gadon 'yan Adam da ya kamata a kiyaye. Kiɗan da jami'an 1959 ke jin kunyar irinsa ya zama abin da ƙasa ke tallar kanta da shi, jikokin bayi suna hawa dandamali a Faris da Niyu Yok, wasan dare na neman lafiya kuwa an gutsuro shi an mai da shi na sa'a ɗaya don masu tikiti.

Duk marubucin da ya sauka Sawira kuma akwai labarin da za a tarye shi da shi tun bai ajiye jaka ba. Za a gaya masa cewa shahararren makaɗin nan na Amurka, Jimi Hendrix, ya zauna a ƙauyen Diyabat da ke kudu da garin, za a nuna masa gidan shayi mai ɗauke da hotonsa, a kai shi wani rusasshen gini da yashi ya ci rabinsa a bakin ruwa, a ce ganin wannan kango ne ya sa ya tsara waƙarsa ta gidajen yashi. Labari ne mai daɗi, masu masauki suna so, editoci suna so, an kuwa buga shi ba adadi. Hendrix ya zo Sawira da gaske, a cikin watan Yuli 1969, ya yi 'yan kwanaki ya wuce. Waƙar kuwa tana kan faifan da ya fitar a watan Disamba 1967.